Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Tallafin Raya Ƙasashe: Wa Zai Riƙe Manhajar Bayan Kun Tafi?

Zuwa ga shugabannin hukumomi da ƙungiyoyin raya ƙasashe na duniya, da gwamnatoci da gidauniyoyin da ke ba su kuɗi.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci.

Ni ɗaya ne daga cikin waɗanda kuke turawa ƙauyuka da sansanonin 'yan gudun hijira da waya a hannu. Na yi shekaru ina bi gida-gida ina cike muku tambayoyi, daga baya aka ɗan ɗaga ni na koma koya wa sababbin ma'aikata yadda ake cikewa. Ban taɓa zama a ɗakin da kuke yanke shawara ba, amma duk abin da kuka yanke a can, a tafin hannuna yake sauka. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗakin naku ne, ban musa ba, sai dai mu ne muke kwana a ciki.

Akwai wata durowa da na kasa mantawa da ita, a wani ƙaramin asibiti da aiki ya kai ni. Ma'aikaciyar jinyar wurin ta buɗe ta za ta ɗauko mini littafin rajista, sai na hango tabulet uku jibge, kowanne da tambarin ƙungiya daban a bayansa. Na tambaye ta ko sun lalace ne. Ta ce lafiyarsu ƙalau. Na farko, aikin da ya kawo shi ya ƙare, aka daina biyan kuɗin rumbun da bayanan ke tafiya, manhajar ta daina buɗewa. Na biyu, wanda ya san lambar sirrinsa ya samu wani aikin, ya tafi da ita a kansa. Na uku yana aiki, amma tun da aka daina aiko da kuɗin data ta ajiye shi, don ba za ta riƙa cirewa daga albashinta ba. Ni kuwa abin da ya kai ni wurin shi ne in miƙa mata na huɗu. Na miƙa, ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, aka ɗauke mu hoto. Hoton ya shiga rahoto.

Kada ku ɗauka maƙiyin waya ne ke magana. Na san abin da ta yi wa talaka, ku ma kun sani. A jihar Kerala ta Indiya, tsakanin 1997 da 2001, sabis ya riƙa shiga garuruwan bakin teku ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan masunci yakan kawo kifinsa kasuwar da ya saba, in ya tarar ta cika sai ya zubar da abin da bai sayu ba, alhali wata kasuwar da ba ta da nisa tana neman kifi ido rufe. Da waya ta zo, tun yana kan ruwa yake kira ya ji inda ake nema. Masanin tattalin arziki Robert Jensen ya bi diddigin lamarin, ya samu zubar da kifi ya kusan ƙarewa, ribar masunta ta ƙaru da kashi 8 cikin ɗari, farashin da mai saye ke biya kuma ya sauka da kashi 4. Jenny Aker ta ga makamancin haka a kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar, inda tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 bayan shigowar waya. Babu wanda ya shirya wa masuntan nan taron bita, babu wanda ya rubuta musu manhaja. Kira ne kawai suke yi.

Labarin M-Pesa, tsarin aika kuɗi ta waya, ya fi kusa da ku, don da hannun tallafin gwamnatin Birtaniya aka yi gwajinsa na farko a Kenya a 2005. An tsara shi ne domin masu karɓar ƙaramin rance su riƙa biyan bashinsu ta waya. Da aka sa ido, sai aka ga mutane sun karkatar da shi, suna ta aika wa junansu kuɗi. Masu aikin ba su ce an saɓa tsari ba. Suka bi bayan jama'a, kamfanin sadarwa na Safaricom ya ƙaddamar da shi a watan Maris na 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Abin da ya riƙe shi har yau kuma shi ne dubban wakilan da ke zaune cikin unguwanni, suna karɓar tsabar kuɗi su mayar da ita lamba, su mayar da lamba tsabar kuɗi, kowanne da kamashon da zai sa ya sake fitowa gobe. Ina yawan tunanin da wannan gwaji ya faɗo ƙarƙashin irin yarjejeniyoyin da muke aiki da su, da an rubuta cewa bai cimma manufa ba, an naɗe tabarma.

A wannan shekarar ta 2005 ce kuma aka yi shelar kwamfutar dala 100 ga kowane yaro, shirin da Nicholas Negroponte ya jagoranta. Duniya ta yi ta tafawa. Peru ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba wa ɗalibai. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya auna sakamako a makarantu sama da 300, rahotonsa na 2012 ya nuna yara sun iya sarrafa kwamfuta, an ga ɗan ci gaba a kaifin tunani, amma lissafi da karatu suna nan inda aka bar su. Horon da aka ba malamai kaɗan ne, mafi yawan makarantun kuma ba intanet. A 2012 ɗin dai ma'aikatar lafiya ta Uganda ta gaji, ta dakatar da sababbin gwaje-gwajen lafiya ta waya a ƙasar har sai an zauna an daidaita. Gwaje-gwaje ne birjik, kowace ƙungiya da nata, wannan ba ya magana da wancan, har masu wannan fage suka raɗa wa abin suna, wai cutar gwaji. Bayan haka kuka zauna kuka rubuta ƙa'idoji tara na amfani da fasahar zamani a ayyukan raya ƙasa, ɗaruruwan ƙungiyoyi suka sa hannu. Na karanta su, ba su da aibi: a tsara tare da mai amfani, a gina abin da zai ɗore, a fara duba abin da ke akwai kafin a ƙirƙiro sabo, a kare bayanan mutane. Durowar da na ba ku labari kuwa, bayan an sa hannun ne na gan ta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗinku yana da wa'adi, shekara biyu ko uku, in an yi sa'a biyar, kuma sabon abu yake so. Wanda ya rubuto cewa zai gina manhaja mai ƙirƙirarriyar basira ya fi samun shiga a wurinku a kan wanda ya ce yana neman kuɗin batir, da caja, da albashin mutum biyu da za su riƙa ɗaga waya idan ma'aikaciyar jinya ta maƙale. Ba a gayyatar 'yan jarida ranar da aka biya kuɗin rumbu. Sai kowa ya koyi rubuta abin da kuke son ji. Ni ma na taya rubutawa, ba zan wanke kaina ba.

Abin takaicin, kun san yadda ake yin mai ɗorewa, don kun taɓa yi. Manhajar DHIS2, wadda ma'aikatun lafiya na ƙasashe sama da 70 ke tara bayanansu da ita, tushenta Afirka ta Kudu ne bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, Jami'ar Oslo ta Norway kuma ke kula da ita. Ba ta da wani kyan gani, ma'aikata kullum cikin ƙorafi suke a kanta. Amma buɗaɗɗiya ce, kowace ƙasa na iya ajiye bayananta a rumbunta, kuma an shafe shekaru ana horar da 'yan ƙasashen, har da masu digiri na biyu da na uku, domin su iya gyara ta da kansu. Haƙurin sama da shekara ashirin ne ya gina ta, irin haƙurin da ba shi da gurbi a takardar neman tallafin shekara uku.

Shekarar 2025 ta nuna wa kowa cewa zanen aro ba ya rufe katara. A watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take ba ƙasashen waje, zuwa farkon Yuli an rufe hukumar tallafinta ta USAID. Shafin FEWS NET, tsarin da tun 1985 yake gargaɗin yunwa kafin ta iso, ya ɗauke ɗif na tsawon watanni. Shirin binciken lafiya da yanayin iyali na DHS, wanda tun 1984 ƙasashe sama da 90 suka dogara da alƙalumansa, aka yanke kwangilarsa. Kowace ƙasa na da ikon yin yadda ta so da kuɗinta, wannan ba abin jayayya ba ne. Abin da nake cewa, gidan da makullinsa ke aljihun baƙo, ranar da baƙon ya yi sallama a waje masu gida za su kwana. Kuma ku kuka ba baƙon makullin tun ranar da kuka amince da tsarin.

Sai maganar wanda wayar ba ta kai gare shi. Hukumar Sadarwa ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum biliyan 2.6 ba sa hawa intanet, kusan ɗaya cikin kowane uku. Mafi yawansu sabis na kaiwa inda suke. Abin da ya hana su shi ne tsadar waya da data, da rashin karatu, da kasancewar abin da ke ciki ba da harshensu aka rubuta shi ba. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta GSMA ta ce a rahotonta na 2024 mata a ƙasashe masu tasowa suna bayan maza da kashi 15 wajen hawa intanet ta waya. A fagen aiki kuwa lissafin ya fi haka sarƙaƙiya. Za ka tambayi mace ko tana da waya, ta ce tana da ita, ka rubuta lamba. Ashe wayar ta maigidanta ce, da safe ya fita da ita, sai dare ya dawo. Saƙon tunatar da awon ciki da kuka aika da ƙarfe goma yana can cikin aljihunsa. Kuɗin da kuka ce na mace ne, shi ya fara ganin shigarsa. A allonku kuma an rubuta an isar, an ƙirga ta cikin waɗanda suka amfana.

Waɗanda suka yi nasara a nan, saukowa suka yi zuwa inda mutane suke. Lokacin korona, a watan Afrilu na 2020, Togo ta fito da shirin Novissi, inda mutum ke rajista ta danna lambobin nan masu farawa da tauraro, waɗanda ke aiki a kowace ƙaramar waya mai madannai, ba intanet, ba sauke manhaja, kuma aka sa kason mace ya ɗara na namiji. Shirin Kilkari na Indiya murya yake aikawa, kira 72, mako-mako, daga wata na huɗu na ciki har yaro ya shekara, da harsunan da matan ke ji. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairu, 2010, an buɗe lamba 4636 don mutane su turo saƙon neman ceto. Saƙonnin da harshen Kiriyol suka riƙa zuwa, wanda mafi yawan masu agajin ba sa ji. 'Yan Haiti mazauna ƙasashen waje ne suka duƙufa dare da rana suna fassarawa, suna nuna unguwa-unguwa a taswira. Fassara dai ita ce layin da aka fi saurin sokewa idan kasafi ya matse, na ga haka ba sau ɗaya ba. Ko Novissi ɗin ma, da aka zo zango na biyu ana amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da bayanan kiran waya don na'ura ta hasaso wane ne talaka, dabarar ta yi amfani, amma wanda ba shi da layi ba ya barin sawun da na'ura za ta bi. Shi ne kuwa sau da yawa ya fi kowa buƙata.

Yanzu ga abin da ya fi hana ni barci. Duk tambayoyin da na taɓa cikewa, layin farko neman yarda ne. Ina karanta wa mutum cewa ba dole ba ne, yana iya ƙi, ƙin ba zai shafi tallafinsa ba. Ranku ya daɗe, wanda 'ya'yansa suka kwana biyu ba su ci ba, yana tsaye a layi cikin rana, yana hango buhuna a bayana, wace irin a'a ce ta rage a bakinsa? Zai miƙa yatsa, ya buɗe ido, ya faɗi sunan mahaifiyarsa da garin da ya gudo. Ni da ke karɓa ban san inda bayanan ke kwana ba, ban san shekara nawa za su yi ba, ban san wanda zai gan su ba. Wani dattijo ya taɓa tambayata wa zai riƙe hoton idonsa. Na ce masa yana wuri mai tsaro, don haka aka koya mini in ce.

Na san hujjarku, kuma ba ta banza ba ce. Ana karkatar da kayan agaji, ana rajistar mutum ɗaya sau uku, masu biyan haraji a ƙasashenku suna tambaya ina kuɗinsu ya shiga. A sansanonin Za'atari da Azraq na Jordan 'yan gudun hijirar Siriya da ƙwayar ido suka riƙa biyan kuɗin abinci, babu katin da zai ɓata ko a sace. Amma ku dubi ɗaya gefen. A watan Yuni na 2019 Shirin Abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya ya dakatar da wani ɓangare na rabo a Sana'a, babban birnin Yemen, bayan taƙaddama da 'yan Houthi masu iko da birnin kan karkatar da abinci da kuma rajistar zanen yatsa. Kowane ɓangare ya san mai riƙe da jerin sunaye shi ke da iko, masu jin yunwa kuma su suka biya. A 2021 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta zargi hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da tattara bayanan 'yan Rohingya ba tare da an fahimtar da su sosai ba, bayanan da Bangladesh ta miƙa wa Myanmar, ƙasar da suka gudo. Hukumar ta musanta aikata ba daidai ba, amma abin da ya tafi ya tafi. A watan Agustan shekarar, na'urorin ɗaukar zanen yatsa da ƙwayar ido na sojojin Amurka suka faɗa hannun Taliban a Afghanistan. A Janairun 2022 kuma kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa ya sanar cewa masu kutse sun kai ga bayanan mutum sama da 515,000, ciki har da waɗanda yaƙi ya raba da iyalansu da waɗanda ke tsare. Wannan fa ƙungiya ce da ta yi suna wajen taka-tsantsan. In ya same ta, wa ya tsira?

Lambar sirri in ta fita ana canza ta. Layin waya ana yar da shi a sayi wani. Ƙwayar ido fa, da me za a musanya ta? Gwamnatin da kuka ba bayanai yau ba lallai ita ce ke kan mulki baɗi ba, kuma jerin da ya nuna wa ke buƙatar abinci shi ne dai zai nuna ƙabilarsa, da addininsa, da gidan da yake kwana. Akwai mafita, kun kuma san ta. Ƙungiyar agaji ta Oxfam ta dakatar da kanta daga amfani da irin waɗannan bayanai a 2015 har sai ta gama nazari. Red Cross a ƙa'idarta ta 2019 ta fifita a ajiye zanen yatsa a katin da ke hannun mai shi, maimakon a tara na kowa a rumbu guda. Bayanin da ba a karɓa ba, babu ɓarawon da zai sace shi. Ni kuwa na sha cike tambaya sittin alhali goma sun wadatar, saboda wani a ofis ya ce wataƙila wata rana su yi amfani.

Ku kuma tuna sabis ɗin kansa a hannun masu iko yake. Yankin Tigray na Habasha ya yi kusan shekara biyu a katse daga Nuwamban 2020. A Fabrairun 2024 aka katse sadarwa a yawancin Sudan, wuraren girkin sa-kai da ke ciyar da unguwanni da kuɗin da ake turowa ta manhajar banki da yawa suka tsaya. Ranar da aka fi buƙatar waya ita ce ranar da aka fi kashe ta. Duk shirin da ya jefar da littafin rajista da tsabar kuɗi don ya zama na zamani, ya fafe gora ne ranar tafiya.

Roƙona ba mai yawa ba ne. Kafin ku sa hannu a kan kuɗin kowace sabuwar manhaja, ku sa a rubuta muku sunan ofishin da zai gaje ta, da layin kasafin da zai biya rumbu da data da gyara a shekara ta huɗu, kuma ofishin ya kasance a wurin ya amsa da bakinsa. In babu, ku mayar da kuɗin ga tsarin da ƙasar ke da shi, ko da ba zai ɗauki tambarinku ba. Ku bar wa wanda ya ƙi miƙa yatsa wata ƙofar da zai bi ya karɓi haƙƙinsa, ƙofa ta gaskiya wadda mu masu rajista muka san da ita. Ku sa ranar goge bayanai kamar yadda kuke sa ranar rufe asusu. Idan kuma aiki ya mutu, ku fito ku faɗa, don rahotannin nasara sun cika kabad, na gazawa kuwa sai an yi da gaske ake samu, shi ya sa kowane sabon zuwa ke faɗawa ramin da na gabansa ya faɗa.

Na ji ana shirin sabon zango, an ce wannan karon manhajar za ta riƙa ba ma'aikatan lafiya shawara da kanta. Mai yiwuwa ni za a sake turawa wurin ma'aikaciyar nan da na biyar. In haka ne, don Allah ku haɗa ni da amsar wa zai biya data bayan kun tafi, da wa za ta kira in ya ƙi buɗewa, da inda sunayen matan da take duba cikinsu za su kwana. Ba ta tambaye ni ba wancan karon, kunya ta hana ta. Ba na jin za ta sake yin shiru, kuma durowar ma ta cika.

Wassalam. Ku huta lafiya.

Naku,
Wani ma'aikacin tattara bayanai